Haruffa Ashirin da Biyu

Ƙarfe biyun dare a ɗakin gwaji, Garwa ta yi tsit,
sai firji mai tari irin na tsofaffi
da janareton da muke lallaɓawa da ragowar mai.
Na jera kwalabe goma sha ɗaya na jinin mutane.
Ta sha biyu tawa ce,
daga hannun hagu na ɗiba, don a sami na kwatance.

Baba Ɗanliti, kai da ka shekara arba'in kana tuƙa kwalekwale a Binuwai,
ran Juma'a ka tambaye ni, goro cike da bakinka:
"Barmani, wai me kike leƙe har idonki ya faɗa?"
Na ce maka aiki ne kawai.
Ga ragowar amsar.

Akwai ƙwayar cutar da ba ta shigowa da ganga.
Yawu take bi, da bakin moɗa,
da sumbar da uwa ke yi wa jariri.
Ta zarce gidan masu gadi,
fararen ƙwayoyin jini, su da aka ɗauka don kama irinta,
a ɗakinsu take shimfiɗa tabarma.

Da ta so, da ta haifi dubu kafin asuba,
ta fasa ɗakin, ta cika unguwa.
Amma sauran masu gadi na zagaye da fitila,
kuma mai yawan motsi ake fara gani.
Sai ta tsinko ɗan zare daga jikinta,
RNA muke rubutawa a takarda,
haruffa ashirin da biyu, wani lokaci da ɗan ragi,
ko tsawon sallama bai kai ba.

Wasiƙa ce, Baba, kuma kanta take aika wa.
Zaren ya tarar da dogon saƙon da ke cewa a hayayyafa,
ya manne masa harafi da harafi kamar ƙarangiya a gefen zane,
saƙon ya mutu a hanya.
Wani zaren ya nufi ƙararrawar ɗakin
ya cusa mata auduga.
Mai gadi ya tsaya a ƙofa, ya kasa kunne,
ya ce lafiya lau, ya wuce.

Ka tuna dorinar nan ta ƙasan gada?
Kai ka hana ni yarda da ruwan da ya kwanta sumul,
ka ce in nemi hanci biyu da kunne biyu
sannan in ƙiyasta sauran.
Ta san nauyinta, shi ya sa take ajiye shi a ƙasa.
Shekara nawa kuna raba kogi ɗaya ba ta taɓa ka ba,
sai ranin da ruwa ya janye har yashi ya fito tsakiya,
ta kife da Iro da buhunan albasarsa.

Haka wannan.
Haƙurinta ba tausayi ba ne, lissafi ne.
In jiki ya raunana, fitilu suka ragu,
tana iya ajiye alƙalami ta miƙe.
Na ga haka a gado na shida, a wuyan wani yaro daga Pitowa,
ban so in gaya maka ba muna cin tuwo.

Huɗu da kwata na'ura ta gama ƙirga.
Tara cikin sha ɗaya.
Na duba ta sha biyu, na goge tabarau, na sake dubawa.

Ban san ranar da ta shigo ba.
Wataƙila a moɗar kwalekwalenka ce, mai lanƙwasasshen hannu,
wataƙila Inna ce, ranar suna.
Yawancin mutane na ɗauke da ita, in ji littafi,
kuma su tsufa ba su taɓa jin motsinta ba.
Na yarda da littafi.
Duk da haka na daɗe ina kallon audugar da ke gwiwar hannuna,
ina tunanin mai rubutun da ke ciki,
wadda ba ta fasa wasiƙarta ko dare ɗaya ba
tun kafin in iya rubuta sunana.

Ladanin Yalwa ya fara gyaran murya.
Na rubuta tara, na ja layi,
na rubuta ɗaya a ƙasa.
Na kashe janareto, man gobe ne.